Babi na Shida: “Ba a Same Shi Ba”, Alhali Yana Nan

Duk wanda ya taɓa harhaɗa manhaja daga rubutunta na asali ya san yadda abin yake. Layuka suna ta gangarowa a baƙin allo, mutum har ya fara miƙe ƙafa, sai komai ya tsaya cak. A can ƙasa an rubuta wai ba a sami wani laburare ba. Na'urar tana faɗin wannan da Turanci, kuma da lafazi iri-iri: wani lokaci “Could NOT find”, wani lokaci “No such file or directory”, ko “cannot find -l” haɗe da wani suna, ko kuma “cannot open shared object file”. Mai koyo duk abu ɗaya yake ɗaukar su, maganinsa kuma ɗaya ne, wato ya sake sauko da komai daga intanet. Datarsa ta ƙare, saƙon bai gusa ba.

Ni dai a yawancin lokutan da aka kawo mini irin wannan matsala, laburaren yana cikin kwamfutar. Ko dai rabinsa aka saka, ko an ajiye shi inda ba a duba, ko kuma akwai guda biyu aka ɗauko wanda bai dace ba. Kuma waɗannan saƙonni huɗu ba daga baki ɗaya suke fitowa ba. Wanda ya gane wa ke magana ya gama rabin aikin tun bai taɓa komai ba.

Runjin Sambo unguwa ce a Sakkwato da ɗalibai ba sa yankewa a cikinta, don ta nan ake bi a nufi mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Idan lokacin aikin kammala karatu ya matso, za ka ga 'yan ajin ƙarshe na sashen kwamfuta da yamma a shagunan buga takardu da wuraren cajin waya, kowa da laftof ɗinsa na hannu, wanda galibi ya fi shi sanin duniya. Misalin da zan bi a wannan babi daga irin aikinsu na ɗauko shi, domin ya shafi harshenmu kai tsaye.

Akwai manhaja mai suna Tesseract wadda aikinta shi ne duba hoton shafi ta mayar da shi rubutun da za a iya gyarawa. A kamfanin HP aka fara ta a shekarun 1980, aka saki rubutunta ga kowa a 2005, daga 2006 kuma Google ya ɗauki nauyinta na tsawon shekaru. Cikin harsunan da ake rarrabawa tare da ita akwai Larabci da Swahili da Yarabanci, amma babu Hausa. Saboda haka wanda ya ba ta shafin tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a Zariya a 1939, ya ce ta karanta da ƙa'idar Turanci, ƙ da ɗ da ɓ ba za su fito da lanƙwasarsu ba. Sai an horar da ita. Ɗalibin da ke son yin wannan horo da sabuwar siga ta 5, wadda ta fito a ƙarshen 2021, idan Ubuntu 22.04 ke kan na'urarsa, zai tarar siga ta 4.1.1 ce a rumbun. Daga nan ne zai yanke shawarar harhaɗa ta da kansa.

To, Tesseract ba ta san yadda ake buɗe hoto ba. Wannan aikin wani laburare ne mai suna Leptonica, na Dan Bloomberg. Shi ma Leptonica bai san sirrin kowane irin hoto ba, yana jingina da libpng da libjpeg da libtiff, wasunsu kuma suna jingina da zlib da ire-irensa. Haka duk wata babbar manhaja take, aro a kan aro. Babu mai hankalin da zai zauna rubuta hanyar buɗe hoton JPEG daga farko alhali wasu sun shafe fiye da shekara talatin suna gyara tasu.

Matsalar ita ce harsunan C da C++ sun girmi tunanin a yi rajista guda ta inda kowane laburare yake zaune. Stuart Feldman ya rubuta Make a ɗakunan binciken Bell a 1976 don ya riƙa tuna wane fayil ne ya canza, wane ne ke buƙatar a sake harhaɗa shi, amma bai ɗora masa neman kayan wasu ba. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf, mai haifar da wannan dogon fayil da ake kira configure, wanda dabararsa ita ce gwaji: ya rubuta ɗan ƙaramin shiri, ya gwada harhaɗa shi da laburaren, in ya yiwu ya ce akwai. Wajen shekara ta 2000 aka sami pkg-config daga mutanen GNOME, inda kowane laburare ke ajiye 'yar takarda mai ƙarewa da .pc, ɗauke da sigarsa da inda kayansa suke. A daidai wannan lokaci kamfanin Kitware a Amurka ya fito da CMake, don wani aikin sarrafa hotunan asibiti mai suna ITK. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kashe na gabansa. Duk suna nan suna aiki, kowanne da hanyarsa ta tambaya.

Abin ya yi kama da aiken yaro baƙo gidan wani a cikin unguwa. Mu nan ba da lambar gida muke neman mutum ba, da kwatance ne: bayan masallaci, kwana ta biyu, gida mai darbejiya a ƙofa. In yaron ya dawo ya ce bai samu ba, ba ka cewa mai gidan ya ƙaura. Tambayarsa za ka yi wane suna ya ambata, wace kwana ya shiga, wa ya tarar a ƙofar. Na'ura ta ma fi yaron gaskiya, domin tana rubuta duk inda ta leƙa, mutane ne kawai ba sa karantawa.

Wani ɗalibi ya taɓa ajiye mini laftof a kan benci, ransa a ɓace.

“Malam, abin ga ya ƙiya. Wai babu Leptonica, kuma wallahi shina nan, ni da kaina nis saka shi.”

Na ce, “Mi yac ce maka? Karanto mini layin duka.”

Ya karanto. Layin yana cewa ana buƙatar Leptonica 1.74 ko sama da haka, sannan a ƙarshensa, da Turanci ƙarara, ya ce a gwada saka libleptonica-dev. Yaron ya tsaya a kalmar “error”, idonsa bai ƙarasa jimlar ba. Kuma bai yi ƙarya ba, Leptonica yana nan, don ya shigo tun ranar da ya saka tsohuwar Tesseract daga rumbun Ubuntu. Sai dai Debian da Ubuntu suna raba kowane laburare gida biyu. Ƙunshi na farko shi ne wanda manhajar da aka riga aka harhaɗa ke buƙata don ta yi aiki. Na biyu, mai ƙarewa da -dev, shi ke ɗauke da kayan mai gini: fayilolin heda masu ƙarewa da .h, waɗanda ke gaya wa kwamfaila, wato mai harhaɗa rubutun, sunayen ayyukan da ke cikin laburaren da abin da kowanne ke karɓa, da kuma takardar nan ta .pc. A Fedora -devel ake cewa. An yi rabon ne don kada a cika wa wanda ba ruwansa da gini na'ura da kayan da ba zai taɓa buɗewa ba, kuma hikima ce, amma ita ce ta fi kowace kayar da masu koyo. Mai Python ma bai tsira ba. In ya ga an ce babu Python.h, python3-dev ake nema. In psycopg2 ya ce bai ga pg_config ba, libpq-dev ne ya rage.

Kafin a kashe ko megabait ɗaya, akwai tambayar da ba ta cin data. A rubuta pkg-config --modversion lept. In lamba ta fito, an san akwai shi kuma an san sigarsa. In ya ce bai san wannan suna ba, sai a nemi fayil ɗin lept.pc a cikin na'urar. Rashinsa na nufin ƙunshin gini ne babu. In kuwa yana nan a wata folda, to hanya ce ba a nuna ba, kuma da PKG_CONFIG_PATH ake nuna ta. A lura, foldar da takardar .pc take ciki ake ba shi, ba foldar laburaren ba. Mutane da yawa sun kwana a kan wannan ɗan bambanci.

Batun lambar siga ma ba wasa ba ne. Lokacin da Tesseract 4 ta fito a 2018, masu Ubuntu 16.04 sun sha fama, domin Leptonica 1.73 ke rumbunsu, ita kuwa 1.74 take nema. Sun saka ƙunshin -dev daidai, saƙon bai canza ba. A irin wannan hali fayil ɗin config.log da configure ke bari ne ke raba gardama. Dogo ne, yana da ban tsoro, kuma ƙarshensa tarin sunaye ne marasa amfani ga mai neman laifi. A nemi sunan laburaren a cikinsa, za a ga ainihin umarnin da aka gwada da amsar da aka samu. Nan ne za a ga an rubuta cewa an nemi kaza, kaza aka tarar.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kuskuren da ba ya tsayar da aiki. Kayan horar da Tesseract suna buƙatar ƙarin laburare uku: ICU mai kula da haruffan Unicode, da Pango da Cairo masu zana rubutu. In babu su, configure ba ya tsayawa. Gargaɗi kawai yake yi cewa ba za a gina kayan horo ba, ya wuce abinsa, layin ya haye sama ya ɓace. Ɗalibi ya harhaɗa komai lafiya, a zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40, fankar laftof tana kuka, batir yana ja da baya, ya gama ya yi hamdala. Sai ya nemi lstmtraining, abin da ya sa shi duk wannan wahala tun farko, ya tarar babu. Shi ya sa nake cewa idan configure ya gama, kada a yi gaggawar buga make. A hau sama a karanta duk layin da ke ɗauke da “WARNING”. Minti biyu ne.

CMake kuma nasa halin daban. Idan aka ce masa find_package, hanya biyu yake da ita. Ko dai ya yi amfani da wani fayil nasa mai suna Find haɗe da sunan laburaren, wanda ke lalube a wuraren da aka saba, ko kuma ya nemi fayil ɗin da laburaren da kansa ya ajiye mai ƙarewa da Config.cmake. Ta biyun ta fi inganci, tunda mai kaya ya fi kowa sanin inda ya ajiye kayansa, kuma can aka dosa: laburaren Boost ya fara zuwa da nasa tun siga ta 1.70 a 2019, CMake 3.30 kuma ya fara janye tsohon FindBoost a 2024. Idan saƙo ya ce bai sami “package configuration file” ba, to wannan fayil yake nufi, kuma yakan lissafo sunayen da ya nema. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ba CMAKE_PREFIX_PATH tushen inda aka girka laburaren, wato foldar da lib da include suke ƙarƙashinta. A kula da manya da ƙananan baƙaƙe, domin a Linux OpenCV da opencv sunaye biyu ne. Tun siga ta 3.17 kuma akwai --debug-find, wanda ke zayyano kowace folda da aka leƙa, ɗaya bayan ɗaya. Ban san dalilin da ya sa ba a koyar da shi a makon farko ba.

Sai dai CMake yana da riƙo. Duk abin da ya samu yakan rubuta shi a CMakeCache.txt, kuma ba ya sake nema. In bai samu ba zai sake dubawa a karo na gaba, amma in ya sami wanda bai dace ba, ya riƙe ke nan. Mutum ya gyara hanya, ya sake gwadawa, ya ga tsohon kuskure, ya ɗauka gyaransa ne bai yi ba, ya warware abin da yake daidai. A goge foldar gini a fara sabuwa, ko a yi amfani da --fresh ga mai siga ta 3.24 zuwa sama.

Wannan ya kawo mu ga matsalar da ta fi rashin laburare wuya, wato yawansa. Ɗalibin da ya bi wani tsohon bayani ya harhaɗa Leptonica da hannu, kayan sun tafi /usr/local. Daga baya ya saka na rumbu, sun tafi /usr. Ya kuma saka Anaconda don darasin sarrafa bayanai, ita kuwa tana zuwa da nata libtiff da zlib, kuma tana sa kanta a gaban layi. Yanzu kwamfaila zai iya ɗauko heda daga wannan, linka, mai haɗa manhajar da laburarenta, ya ɗauko laburare daga wancan. Sakamakon shi ne tarin “undefined reference to”, ko kuma, abin da ya fi muni, manhajar ta harhaɗu ta riƙa mutuwa ba dalili. Har suna ma yana canzawa: Leptonica ya daɗe yana amsa liblept, daga siga ta 1.83 ya koma libleptonica. Wanda ya rubuta -llept da hannu a Makefile ɗinsa zai ga “cannot find”, ga kuwa fayil ɗin yana kallonsa da sabon suna. Da pkg-config ya bar wa aikin, da bai ma san an yi canjin ba. Kafin a gina komai na C++, a fita daga muhallin Anaconda tukuna.

Shi “undefined reference” yana da wani sanadin mai sauƙi: jeri. Linka daga hagu zuwa dama yake karatu, don haka mai buƙata ke zuwa kafin abin da yake buƙata. Fayil ɗinka a gaba, laburare a baya.

Saƙo na huɗu shi ne mai zuwa bayan an yi murna. An harhaɗa, an girka, an kira manhajar, sai ta ce “cannot open shared object file”. Wannan ba maganar CMake ba ce, ba ta kwamfaila ba ce. Mai loda manhaja ne ke magana, kuma shi jerinsa daban, yana /etc/ld.so.cache. Sabon laburaren da aka zuba a /usr/local/lib bai shiga jerin ba sai an buga ldconfig. Umarnin ldd kuma zai nuna duk laburaren da manhajar ke nema da inda ta samo kowanne, da wanda ba ta samu ba.

A nan ne nake da ja da wata dabara da ta yaɗu. OpenSSL 3.0 ya fito a Satumbar 2021, Ubuntu 22.04 ya zo da shi, tsofaffin manhajoji suka shiga kukan babu libssl.so.1.1. Sai wasu suka riƙa ba da shawarar a ƙirƙiri fayil mai wannan suna a nuna shi ga sabon. Lambar da ke ƙarshen sunan ba ado ba ce, alkawari ce cewa tsarin cikin laburaren bai canza ba, kuma an canza lambar ne don ya canza. In an yi sa'a manhajar ta ƙi tashi. Wasu kuma tsohon ƙunshin suke ɗebowa daga duk inda suka gani, alhali an daina yi wa 1.1.1 gyaran tsaro na kyauta tun Satumbar 2023, ga shi kuwa laburaren da ke kare kalmar sirri ne. Garin gyaran gira a rasa ido. Abin da ya dace shi ne a sake harhaɗa manhajar da sabon, ko a nemi sigarta da aka yi dominsa.

Masu Windows, waɗanda su ne suka fi yawa a wajenmu, tushen matsalarsu ɗaya ne da wannan, suna ne ya bambanta. Laburaren C++ da aka harhaɗa da Visual Studio ba ya shiga da MinGW, wanda shi ke zuwa tare da Code::Blocks da ake koyar da 'yan aji ɗaya da shi. Na bit 32 ba ya shiga da na 64. Microsoft ya fito da vcpkg a 2016 don rage wannan wahala, kuma yana ragewa, sai dai daga tushe yake harhaɗa kaya, ga cin lokaci ga cin wuta. Wanda zai saka laburaren OpenCV ta wannan hanya ya tabbata ba batir kaɗai ya dogara da shi ba.

Waɗanda suka rubuta yawancin bayanan da ɗalibanmu ke bi ba su san ana ɗauke wuta ba, ba su san ana auna data ba. Shawararsu ta farko ita ce a goge a sake saukewa, ko a jawo hoton Docker mai nauyin gigabait. Mu kuwa tun Janairun 2025, da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, kowane saukewa da lissafinsa. Akwai hanyar sauƙi da 'yan aji ɗaya za su iya bi. Umarnin apt-get yana barin ƙunsoshin da ya sauko da su a /var/cache/apt/archives, saɓanin apt da ke share su bayan ya girka. Mutum ɗaya ya sauke, a kwafe a filasha, sauran su zuba a wannan folda a nasu na'urorin. Muddin sigar Ubuntu ɗaya ce kuma jerin rumbunsu sabo ne, apt-get zai gwada hatimin kowane fayil da abin da ke jerinsa, in ya dace ya yi amfani da shi ba tare da ya sake saukewa ba. Python ma yana da pip download mai irin wannan amfani.

Wannan gwada hatimi shi ne bambancinsa da fayil ɗin .dll ko .so da wani ya turo a WhatsApp ya ce “saka wannan, ya yi mini aiki”. Ko hanyar da aka amince da ita ma an taɓa shammatar ta. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga na'ura ta SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya gano an dasa ƙofar baya a manhajar xz siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka yarda da shi, kuma a cikin fayilolin gini da na gwaji ya ɓoye ta, wato wuraren da kowa ke wucewa ido rufe. An kama abin kafin ya shiga tsayayyun sigogin Debian da Ubuntu. Laburaren da abin ya shafa, liblzma, yana cikin waɗanda libtiff ke jingina da su a Ubuntu, libtiff kuma yana ƙarƙashin Leptonica. SSH aka yi wa tarkon, ba mai karanta tsohuwar jarida ba, amma ɗalibinmu ya ga tsawon igiyar da ya kama.

Saura ranar kare aiki. Manhajar da ta yi lafiya a ɗakin ɗalibi za a ce a gwada ta a kwamfutar sashe, ko a laftof ɗin malamin da ke duba aikin, inda babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya tara a wata uku. Kafin ranar, ya buga ldd a kan manhajarsa, ya ga duk layin da ke nuni zuwa /usr/local ko foldarsa ta gida, domin waɗannan ne ba za a samu a can ba. Ya rubuta sunayen ƙunsoshin da lambobin sigarsu da sigar Ubuntu a shafi guda cikin rahoton, ya kuma ari na'urar abokin da bai taɓa saka Tesseract ba, ya bi shafin layi-layi ya ga ko za ta tashi.